Ranar da Oga Ya Kayar da Bunsuru

Akwai wani abokinmu, ba zan kama suna ba, mu dai ce oga, don yanzu babban mutum ne a Abuja, har da direba. Ni da shi muka yi kiwon awaki a ƙauyenmu, tun kafin mu san amfanin takalmi. Allah ya ɗaga shi, ya yi boko, ya auri 'yar wani tsohon babban sakatare. Tun daga nan sai tarihinsa ya sha wanki da guga. A gidan surukai cewa ya yi a unguwar Turawa ya tashi, mahaifinsa kuma "yana harkar noma". Shekara tara yana riƙe da wannan labari kamar ƙwai a cokali, domin a ganinsa ranar da ya fashe, girmansa a gidan ya ƙare. Ni abin haushi yake ba ni, wallahi, don awakin nan su suka biya masa kuɗin makaranta.

To, ran nan 'ya'yansa biyu, Sajida da Mu'azzam, suka tasa shi gaba sai ya kai su wata gona a bayan gari, inda ake sayen tikiti don yara su shafa dabbobi. Ka ji duniya! Abin da aka yi ta dukanmu a kansa don mu yi shi kyauta, yau sai an bi layi. Aka cika mota da shi da matarsa da yaran, har da surukarsa Hajiya Kubura, wadda ta ce za ta je ta ga ikon Allah.

Da suka isa, oga ya tsaya can nesa da shinge, ya toshe hanci da hankici. Mu'azzam ya nuna wata dabba ya ce, "Abba, wannan tunkiya ce ko akuya?"

Ya ɗage kafaɗa ya ce, "Tambayi ma'aikatan, ni ina zan sani?"

Mutumin da ko a mafarki ya ji kukan akuya zai gaya maka ko yunwa take ji ko ɗanta take nema!

Ana cikin haka aka ba Sajida ɗan damin harawa ta shiga garke. Yarinya 'yar shekara huɗu, ba ta san ana miƙawa a ja da baya ba, sai ta rungume harawar a ƙirji. Nan take awaki suka yi mata zobe. Wani jibgegen bunsuru ya ture ta ta faɗi, ya ja da baya yana saita ƙaho. Uwar ta fasa ihu. Samarin da ke aiki a wurin, masu riguna iri ɗaya, suka kama busa usur kamar ana wasan ƙwallo. Bunsuru ko kallo ba su ishe shi ba.

Ba wanda ya ga lokacin da oga ya tsallake shingen da babbar riga. Sai ji aka yi ya kaɗa harshe ya saki wani kira irin na daji, awaki suka tsaya cak. Ya cafki bunsurun ta ƙafar baya, ya murɗa kunne, sai ga shi a ƙasa, gwiwar oga a wuyansa. Da a nan ya tsaya, da an ce son 'ya ne. Amma hannu ba ya manta sana'a. Ya ɓare bakin dabbar ya leƙa haƙora, ya latsa ciki, ya ɗago kai ya ce da ƙarfi, "Shekararsa biyu, kuma tsutsar ciki ke damunsa. Ba kwa ba su kanwa ne?"

Sajida ta miƙe tana kaɗe riga, ko ƙwarzane babu, tana kallon ubanta baki buɗe. Awaki kuwa suka taru a bayansa suna jiran ya ce a tafi.

Wani dattijo mai share garken ya ajiye tsintsiya ya matso, ya ce, "Ranka ya daɗe, shekarata talatin a kiwo ban iya wannan kamu ba. A wane gari ka yi naka?"

Gumi ya keto wa oga. Ya laluba hankici, ashe tuni wata akuya ta cinye rabinsa. Ya ce, "A'a, baba, a waya na gani. Bidiyo ne."

Hajiya Kubura, da yake ba ta magana da suruki kai tsaye, sai ta gyara mayafi ta dubi dattijon ta ce, "Malam, ƙyale shi ya huta. Mu ko binciken asali ba mu tura ba da zai auri 'yarmu. Ranar da ya fara zuwa zance, ragon layyarmu da ke tunkuyin kowa ya je ya ɗora kai a cinyarsa. Alhaji babanta ya ce a bar wahalar tafiya, ga ɗan garinsu nan ya ba da shaida."