Iyakar Gonar Kawu

Ni da na yi koleji a Filinge, ba na jiran wani ya koya mini waya. Da Kawu ya ce in riƙa yi masa cajin tasa, na sauke wani wasa a cikinta, wanda ake ba mutum fili ya ƙawata shi yadda ya ga dama. Na dasa itatuwa masu ruwan hoda, na haƙa tafki, sai waya ta ce ta cika. Na duba, na ga bidiyo barkatai: gamba, duwatsu, ƙafar Kawu tana tafiya. Na ce wannan ai shara ce, na goge duka ban tambayi kowa ba.

Ashe iyakar gonarmu ce ya ɗauka, kafin maƙwabci ya tuge gambar ya shigo da shukarsa.

Ranar shari'a, Kawu ya miƙa wa maigari waya yana gyara hula. Maigari ya daɗe yana kallo.

"Malam, wagga gona taka ina take? Hadda tabki?"

Maƙwabci aka bar wa wurin. Tun daga nan, duk saukar damina sai Kawu ya ce, "Ɗiyata, ara mini bakin tabkinki in shuka hatsi."