Kujerar da Ta Juya wa Mai Girma Baya

Jiya da safe an tsayar da ni a hanya saboda na yi abu daidai. Ban yi mamaki ba. Na daɗe da sanin ranar tana zuwa.

Ga yadda aka yi. Yayata tana da jaririya, muna ce mata Kumatu, don ban da kumatun ba ta tara komai ba tukuna. Mijin Yaya yana aiki a nesa. Ya bar mana tsohuwar motarsa, ya kuma aiko da kujerar jarirai ta mota a cikin kwali. Ni kuwa tun da na gama sakandare nake jiran aikin da manya suka ce yana nan tafe, saboda haka duk abin da ke da sitiyari ko kwali a gidanmu nawa ne. Ranar rigakafin Kumatu ta zo, aka ce, "Auta, je ka ɗaura kujera."

Na buɗe kwalin a ƙofar gida. Maƙwabcinmu mai faci ya bar tayar da yake dubawa a ruwa, ya zo kallo. Ba ya iya ganin aikin wani bai sa baki ba.

"Wannan kwandon wanki ne?"

"Kujera ce."

"To sa ta a gaba mana, kusa da kai."

Na nuna masa zanen da ke jikinta. An ja wa kujerar gaba jan layi, saboda jakar iskar nan da ke fashewa in an yi karo. Ƙarfinta ba na jariri ba ne. Ya ce jakar motar nan ta daɗe da yin ritaya. Na ce ban tambaye ta ba, kuma ba da 'yar Yaya zan gwada ba.

Na kai kujerar Kumatu baya, na ajiye ta tana kallon baya, kamar yadda zanen ya nuna. Na zura bel ɗin motar ta ramukan da aka yi wa shuɗiyar alama. Ya murɗe. Na zare, na sake. Ya sake murɗewa. Na zagi wanda ya ƙera bel, na haɗa da wanda ya ƙera motar, sannan na bi a hankali har ya kwanta. Na ɗora gwiwa a cikin kujerar, na danna da ɗan nauyin da zaman banza ya bar mini, na ja bel ɗin har ya kulle. Saura igiyar sama mai ƙugiya a baki, wadda ke hana kujerar kifewa. Na nemi inda ake maƙala ta, na rasa. Mai faci ya ce in ɗaura a hannun ƙofa. Na ce in aka buɗe ƙofar fa? Ya ce sai kowa ya riƙa shiga ta taga. Can na gano wani zoben ƙarfe a bayan kujerar baya, ƙarƙashin murfin roba, kusa da takalmin mijin Yaya ƙafa ɗaya. Na maƙala, na ja. Na kama kujerar ta gindi na girgiza. Motar ce ta girgiza. Ita ko gezau.

Sai ga Mama ta fito da fulas a hannu.

"Wannan wace irin tarbiyya ce? Yarinya ta juya wa kakarta baya tun yanzu? Ba ni ita in riƙe. Ku duka a cinyar nan na kai ku asibiti, wa ya mutu?"

"Mama, wuyanta bai yi ƙwari ba, kanta kuma ya yi mata nauyi. In na taka birki tana kallon gaba, kan ne zai fara tafiya. In tana kallon baya, kujerar ce za ta tare ta gaba ɗaya."

"To kada ka taka birki."

Yaya ta cire wa Kumatu rigar sanyin nan mai kauri, ta kwantar da ita, ta ja igiyoyin kafaɗa har suka lafe, ta ɗaga maɓallin ƙirji daidai hammata. Mama ta shiga gaba. Na ce ta sa bel. Ta ce yana tare mata numfashi.

Yanzu bari in gabatar muku da shugabanmu, Mai Girma Garkuwan Jarirai, Inuwar Masu Shan Nono, Allah ya ƙara masa kwalta a ƙofar gida. Kwanan baya ya ƙaddamar da gangamin kare jarirai a mota. An kafa rumfuna, an buga huluna, an yi jawabai har masu tafi suka gaji. Titin da jariran za su bi dai yana nan yadda kakanninsu suka bar shi, amma an kafa allo, kuma allon ya yi kyau. Ga Mai Girma ya sunkuya yana murmushi, ga jariri a kujerarsa, a gaban mota, yana kallon gaba. Kowa ya san dalili. Da an juya shi daidai, da bayan roba Mai Girma yake yi wa murmushi. Ba a kafa allo don a ga ƙeyar jariri.

A ƙarƙashin allon nan, bayan mun wuce layin man da ya fi titin tsawo, wani jami'in hanya ya ɗaga mini sanda.

"Samari, faka."

Na faka. Ya leƙa baya, ya daɗe yana kallo.

"Wa ya ɗaura wannan?"

"Ni ne, Yallaɓai."

"Ka ɗaura ta a juye."

"Haka zanen ya nuna."

"Zanen wa?"

"Na waɗanda suka ƙera ta."

Ya ɗaga sanda ya nuna sama. "Su da Mai Girma, wa ya fi sanin jariran ƙasar nan? Mu nan da kake gani an tara mu an yi mana bita. Wannan hoton aka nuna mana. Juya ta, ko motar ta wuni a nan."

"Ai na faɗa masa, ɗan nan," in ji Mama. "Ba ya ji."

Yaya ta taɓa kafaɗata, ta yi ƙasa da murya. "Auta, in muka makara rigakafin sai wani makon. Ka juya, in mun wuce ka mayar."

Na dubi hanyar da ke gabanmu. Daga nan zuwa asibiti duk ramuka ne, babu ma inda mutum zai raɓe ya gyara komai. Na dubi madubi. Ban ga fuskar Kumatu ba, sai ƙafarta ɗaya a sama. Ni ba jarumi ba ne.

"Yallaɓai, ka yi haƙuri. Ba zan juya ba."

Ya ce to shi zai juya. Ya buɗe ƙofa, ya kama kujerar ya ja. Motar ta yi lilo. Ya sake ja, hularsa ta faɗi. Kumatu ta ji daɗin jijjigar, ta lumshe ido, ta yi barci. Ya leƙa ƙasa, ya leƙa sama, yana haki.

"Kai, walda ka yi mata?"

A daidai lokacin aka ji jiniya. Wani babba ne tafe da ayarinsa. Jami'in ya tsinci hularsa, ya manta da doka, ya manta da bita.

"Ku ɓace mini daga nan! Maza!"

Na ja mota. Ba mu yi nisa ba sai ga motar da ke share wa ayarin hanya ta biyo hannunmu, tana haska fitilu da safiyar Allah, kai tsaye kanmu. Na kauce, na take birki da duk ƙafata. Tayar gaba ta faɗa rami. Fulas ɗin Mama ya daki gilashi. Jakar Yaya ta zo gaba ba a gayyace ta ba. Takalmin nan ƙafa ɗaya ya wuce ta gefen kunnena. Mama ta tare da hannu biyu, goshinta saura kaɗan ya daki gilashi, ɗankwalinta ya sauko kan hanci.

Ayarin ya wuce da baƙaƙen gilasai. Ba wanda ya waiwayo.

Motar ta yi tsit. Na kasa juyawa. Na ce, "Yaya?" Na sake cewa, "Yaya?"

"Barci take," ta ce. "Ko motsi ba ta yi ba. Har da miyau."

Mama ta gyara ɗankwali. Ta juya ta daɗe tana kallon bayan kujerar nan da ta ce ba ta da tarbiyya. Sannan ta kama bel ɗinta ta ja, ya ƙi, ta sake ja.

"Auta, sa mini abin nan."

Na sa mata. Mun kusa asibiti kafin ta sake magana, idonta a kan titi.

"Ita wannan kujerar, babu ta manya?"

An yi wa Kumatu allurarta. A nan ne ta yi kukan da ba ta yi a rami ba.

Saboda haka ina miƙa godiya ga Mai Girma Garkuwan Jarirai. A wasu wuraren, an ce, sai an kai kujera wani ɗaki na musamman a gwada ƙarfinta. Mu nan an kawo mana gwajin har kan hanya: ga ramin, ga ayarin, duk kyauta. Roƙona ɗaya ne. Ban ce a sauke allon ba, an sha wahalar murmushin. A juya shi kawai ya kalli baya. Na duba, haka ya fi lafiya ga jarirai.