Rasuwar Burkit, Kumbon da Bai Taɓa Barin Ƙasa Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da baki mai cike da maganar da nake dannewa, ni Temirbolat ɗan Ospan, tsohon mai walda a filin harba kumbo, mazaunin Toretam, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da ɓarayin unguwa rasuwar kumbona Burkit, wanda ya faɗi a bayan gidana ranar Talata da hantsi, bayan doguwar jinya.

An haifi marigayin a zamanin Tarayyar Sobiyet, lokacin da manya suka yi alkawarin kumbon da zai kai mutane sama ya dawo da su, ya huta, ya sake komawa kamar motar kasuwa. Shi na koyo ne. A cikinsa 'yan sama jannati ke gwada shiga da fita da zaman kujera. Hannuna ne ya haɗa haƙarƙarinsa. Da ƙasar ta watse aka yar da shi a fili kamar mushe, na jawo shi da tarakta, matata Kulzipa na biye da ni da faɗa, wai maza na kawo doki gida, ni na kawo mata kabari mai fiffike.

Marigayi mai haƙuri ne. Bai taɓa tashi ba, don haka bai taɓa faɗo wa makiyayi a ka ba, kuma a nan yankin wannan ba ƙaramin hali ba ne. Ya ɗauki amare da angwaye don hoto, ya ɗauki tumaki a lokacin ƙanƙara, ya ɓoye surukina Yerkin duk ranar da ya yi tatul yana tsoron 'yata. Ba shi da yawan magana: ƙiiii idan an buɗe ƙofa, wuuu idan iska ta ratsa hancinsa.

A wurina kuwa shi ne shaidata. Jikokina a birni suka taso, in na ce na yi aikin kumbo sai su kalli juna su ce kaka ya fara. Sai in ja su bayan gida in ɗora yatsunsu kan ɗinkin waldata, sai su yarda. Wannan ne ke cin raina, don yanzu ban san abin da zan nuna musu ba.

Game da ciwon ajali, kowa ya san a al'adarmu ta nan idan tsoho mai yawan rai ya rasu akan yayyaga ƙyalle a raba wa masu ta'aziyya, su samu rabon tsawon kwana. Mutanen Toretam, Allah ya saka musu, ba su jira rasuwa ba. Wannan ya ɓalli falle wai albarka, wancan ya kwance noti wai ɗansa zai rubuta jarrabawa. Kowa cewa yake, haba dattijo, guda ɗaya ai ba ya kisa, jiya ma an cire ga shi tsaye. Maƙwabcina Jaksilik albarkarsa har ta kai girman ƙofar banɗaki. Na yi magana aka ce tsufa ya sa ni rowa. Ranar Talata iska ta taso, ba ma wata ta kirki ba, marigayin ya ce ƙaƙas, ya durƙusa.

Ya rasu ya bar fiffike a shingen awakin Jaksilik, da kujerar matuƙi a shagon aski, da taga biyu a akurkin kajin Kulzipa, ashe har da ita, sai kuma ni.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Liman ya ce ba ya sallar ƙarfe, na ba shi gaskiya, ko da yake rumfar motarsa ta san marigayin. Ba a neman masu ɗaukar gawa, kowa ya riga ya ɗauki kasonsa. Za a ba da shayi, babu naman dokin da muka saba yankawa a zaman makoki, wanda ya ci kumbo ai ya ƙoshi.

Jikokina za su zo. Idan dattijon unguwa ya tambaya, kamar yadda aka saba, wane irin hali marigayi ya yi, kada ku ɓata bakinku da cewa mutumin kirki ne. Ku riƙe ƙarafunanku, na yafe. Ku dai faɗa a gaban yaran cewa Temirbolat ne ya haɗa shi, waldarsa na nan a gidajenku, kuma har yau ba ta saki ba.