Rasuwar Karsana A Kan Dutsen Matakala

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, ni Ja'afaru Badaruddeen na Kutama, a madadin abokan tafiyata, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na ƙasar Gwarzo da Kabo rasuwar motarmu, Karsana. Rai ya yi halinsa ranar Asabar, makonni uku da suka wuce, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a kan dutsen da muke kira Matakala. Ta rasu tana da shekara talatin da shida a duniya, goma sha ɗaya daga ciki a hannuna. Muna neman afuwa kan jinkirin sanarwa. Akwai mutum ɗaya da muka kasa faɗa wa, wato babban amininmu Malam Sajo na Gude, kuma har zuwa rubuta wannan takarda bai sani ba.

Ga waɗanda ba su san marigayiya ba, a-kori-kura ce mai jan ƙafa huɗu, doguwa, mai faɗin ƙirji. A takarda fara ce, amma a ido launinta launin ƙasar da ta taka ta ƙarshe. An haife ta a ƙasar waje, ta shigo ta Kwatano, ta yi dakon dawa da gyaɗa zuwa kasuwanni har bayanta ya lanƙwashe, sannan Allah ya haɗa mu. Ranar da na kawo ta gida Malam Sajo ya zagaya ta sau biyu, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya ɗaga murfin inji kamar mai duba haƙoran saniya, ya ce, "Ja'afaru, wannan ai karsana ce, ba ta ma fara ba." Shekarunta ashirin da biyar a lokacin, amma sunan ya bi ta har ƙarshen rayuwarta.

An umarce mu da faɗin alherin mamaci, kuma nata ba ya buƙatar ƙari. Mai haƙuri ce, mai juriya, ba ta taɓa duban dutse ta ce ya fi ƙarfinta ba. Ba ta tashi da gaggawa. In an murɗa makulli sai ta ce "kir-kir-kir," ta yi shiru tana nazari, ta sake cewa "kir-kir-kir," ta yi tari biyu, "guf, guf," sannan ta saki muryar nan tata da ke tayar da zabin maƙwabta daga kan katanga. Tana da 'yan halaye irin na tsufa, ba za mu ɓoye ba. Ƙofar direba daga waje kawai take buɗuwa, don haka shekara goma sha ɗaya ina fitar da hannu ta taga kafin in fita daga motata. Fitilarta ta dama sama take kallo. Mai kuwa tana shansa babu kunya. Duk mun yafe mata tun tana da rai.

Aikin da aka fi saninta da shi shi ne hawan tsohon burtalin da ya ratsa cikin duwatsu tsakanin wajenmu da Gude. Mu huɗu ne: ni, da Malam Sajo, da Malam Mahbub mai koyarwa a firamare, da Zainulabideen mai shagon maganin dabbobi. Dukkanmu a bayan shanu muka tashi, a wannan burtalin muka ƙone tafin ƙafa, kafin gonaki su cinye bakinsa biyu shanu su daina bi. Da girma ya zo sai muka koma bin sa da mota kowace Asabar, ba don kasuwa ba, ba don zumunci ba, don hawan kawai. Tafiyar da mai babur zai yi a minti ashirin ta kwalta, mu awa uku muke yi muna gumi. Mutanen Unguwar Tudu in sun gan mu sai su ce ga dattawan nan da ba su da aikin yi.

Kowa da aikinsa. Ni ke riƙe da sitiyari. Mahbub da Zainulabideen ke jera duwatsu a rami, su sa weji a bayan taya in ta tsaya a gangare. Malam Sajo kuwa shi ne ido. Yakan shiga gaba da sandarsa yana tafiya da baya, yana nuna inda kowace taya za ta taka. Direba a kan dutse ba ya ganin komai sai sama da murfin inji, ransa da na motarsa suna hannun na gaba. Shi kuma ya san kowane dutse tun yana yaro. Ya san wanda ke santsi bayan ruwa, ya san wanda ke motsi in an taka gefensa.

Shekara huɗu da suka wuce hawan jini ya kayar da Malam Sajo a gona. Ya farfaɗo ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa ta tafi, sai kalma ɗaya tak da ta rage a bakinsa, "Yawwa." Mutumin da ya kai shanu har ƙetaren Binuwai da ƙafa ya koma tabarma a zaure, ana juya shi, ana ba shi abinci a baki, ana shawara a kansa yana ji. Bayan wata biyar muka nemi izinin mai ɗakinsa, Uwaliya, muka ɗauko shi muka zaunar a gaban Karsana, muka ɗaure shi da rawani a jikin kujera. Niyyarmu ya sha iska kawai mu juyo. Da muka isa dutsen farko sai na ji hannunsa na hagu a kan gwiwata. Ya buga sau ɗaya, na karya hagu. Ya buga sau biyu, na karya dama. Ya matse, na taka birki. Haka ya kai mu har ƙololuwa babu ko ƙwarzane, ya dubi ƙasar da ke shimfiɗe a ƙarƙashinmu, ya ce, "Yawwa." Mahbub ya juya baya wai yana duba taya, ya daɗe bai juyo ba.

Tun daga ranar marigayiya ta zama ƙafafun Malam Sajo. Kwana shida a mako majinyaci ne, ranar Asabar shugaba ne, maza uku da inji ɗaya suna jiran hannunsa. Mun taɓa gwada masa wata motar, bara da Karsana ta kwana biyu a gareji. Muka sa shi a ƙaramar motar Mahbub muka bi kwalta har Kabo. Ya rufe ido tun daga ƙofar gida har muka dawo, hannunsa a kan cinyarsa. A kwalta babu wanda ke buƙatar a nuna masa hanya.

Jinyar marigayiya ta fara ne da daminar bara. Ta soma da zafin jiki, sai an tsaya an shayar da ita sau uku kafin ƙololuwa. Daga nan hayaƙi ya sauya launi, sai wani kuka a ƙarƙashi, "ƙiii," duk lokacin da aka sa mata ƙaramar giya. Likitanta na tsawon shekaru, Lukuman bakanike, ya yi iya ƙoƙarinsa, har ranar da ya goge hannu ya zaunar da ni a kan benci. Ya ce, "Alhaji, ku fa makiyaya ne, ba ni zan koya muku ba. Saniya in ta kwanta ciwon ajali, wuƙa ake sa mata tun tana numfashi, kowa ya amfana. Ka bayar da ita ga masu kayan gyara tun tana tashi. In ka jira, mushe za ta yi." Na san gaskiya ya faɗa, don da hannuna na yanka shanun da nake ƙauna saboda wannan dalili. Na ce masa, "Lukuman, to ranar Asabar in ce wa Sajo me?" Sai ya koma ƙarƙashinta da sufana.

Ga yadda ajali ya zo. Asabar ɗin an kai Malam Sajo asibiti a Kano ganin likita. Lukuman ya gama wani gyara, muka ce bari mu gwada ta mu uku, don ta zama a shirye kafin ya dawo. An yi ruwa mai ƙarfi ranar Alhamis. Zainulabideen ya nuna shakka, amma Mahbub ya ce, "Haba, shekara goma sha ɗaya muna bin hanyar nan, ai mun haddace ta." Ni ma haka na ɗauka. Ashe ba hanyar muka haddace ba, hannun mutum muke bi.

Matakala dutse ne mai hawa uku. Mun wuce na farko da na biyu da ƙyar. A na uku ruwa ya kwashe ƙasar da ke tsakanin duwatsu, wurin ya sauya kama. Mahbub yana gaba yana nuna dama, Zainulabideen yana gefe yana nuna hagu, kowannensu yana rantsuwa. Na dubi gwiwata, babu hannu a kai. Sai na yi abin da marar sani yake yi, na bi tsakiya. Marigayiya ta ɗaga gaba, ta sauko, muka ji "ƙwas." Wani tsinin dutse ya fasa kaskon baƙin mai da ke ƙarƙashin injinta. A nan ya kamata in kashe ta, amma na ruɗe, na taka totur wai in fitar da ita. Ta yi ƙoƙari, Allah ya sani ta yi. Zainulabideen ya shiga ƙarƙashi da ƙwaryar furarmu yana tarar mai, yana zuba ta tsakanin yatsunsa. Ta ce "kaf-kaf-kaf-kaf," ta ce "tak," ta yi shiru. Na murɗa makulli sau bakwai. Ko "kir" ɗaya ba ta ƙara cewa ba.

Mun yi duk abin da ɗan'adam zai iya don sauko da gawa. Mai janwe, motar jan motoci, ya zo daga Gwarzo, ya tsaya a gindin dutsen farko, ya ɗaga kai ya duba, ya yi mana ta'aziyya ya juya. Mai tarakta ko saukowa daga kujerarsa bai yi ba. Muka hau da shanun huɗa huɗu, igiya ta tsinke sau biyu, ba ta motsa ko taku ɗaya ba. A duk ƙasar nan mota ɗaya ce ke iya zuwa inda take kwance, kuma ita ce kwancen. Lukuman ya hau da ƙafa yana haki, ya leƙa, ya ce, "Inji ya buga, Alhaji. Sai haƙuri." Bai ce ya faɗa mini ba, kuma na gode masa.

Marigayiya ta rasu ta bar tayar safaya ɗaya da ta fi ta tsufa, da jak mai karkataccen wuya, da igiyoyi da jarkoki da dama. Ta bar ni, direban da ya kashe ta. Ta bar Mahbub da Zainulabideen, waɗanda har yau ba su daina gardamar dama ce ko hagu ba, kuma mai iya raba su ba ya magana. Ta bar masu sayar da mai na bakin titi, da rashinta ya girgiza ƙwarai. Sannan ta bar Malam Sajo.

Asabar ta farko na je na durƙusa a gabansa na ce tana gareji. Ya ce, "Yawwa." Asabar ta biyu na ce ana jiran kayan gyara daga Kano. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Yawwa." Jiya Uwaliya ta tare ni a ƙofar gida, bayan mun gaisa ta ce, "Malam Ja'afaru, ni na ji labari a wajen masu shanun huɗa. Kowane mako tun ranar Juma'a yake nuna mini rigarsa da hularsa in wanke. Ni ba zan faɗa masa ba. Ku kuka saba masa da dutsen nan, ku za ku faɗa." Ba mu da ƙarfin sayen mota irin Karsana. Malam Sajo kuma ba ya iya zama a babur. Mun yi maganar ɗaukarsa a kafaɗa, amma ƙaraminmu shekararsa hamsin da biyu, kuma mutumin da ake ɗauka a kafaɗa kaya ne, ba jagora ba. Na juya maganar nan ta kowace fuska, ban ga mafita ba, kuma ina jin tsoron ranar da zai daina nuna rigar.

Game da jana'iza, mun tuntuɓi Liman, ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, amma babu laifi a taya mai rashi alhini. Don haka ranar Juma'a mai zuwa da hantsi Lukuman zai hau da kayan aikinsa ya kwance abin da zai kwantu. Jakuna shida za su sauko da tayoyi da ƙofofi da kujeru. Injin kuma sai an rataya shi a gungume, muna neman majiya ƙarfi takwas da za su taimaka saboda Allah. Gangar jikin za ta zauna a inda ta faɗi, don ba mu da yadda za mu yi da ita. Muna roƙon masu jakuna su sauka ta ɓangaren Kutama, kada su ratsa ta Gude. Muna kuma roƙon kada wani mai son alheri ya kai wannan sanarwa gidan rediyo, don rediyo na nan kusa da kunnen Malam Sajo dare da rana.

Za a zauna karɓar gaisuwa washegari, wato Asabar, ƙarfe takwas na safe, a zauren Malam Sajo da ke Gude, daidai lokacin da muka saba ɗaukarsa. Ni zan fara shiga in faɗa masa, kuma ba na so in kasance ni kaɗai, don haka duk mai hali ya daure ya zo. Allah ya ba da ladan zumunci, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Roƙo ɗaya ya rage: mai zuwa da mota ko babur ya ajiye daga nesa ya ƙaraso da ƙafa, domin da Malam Sajo ya ji ƙarar inji yake fara jan jiki da hannu ɗaya zuwa bakin ƙofa.