Rasuwar Kunkuru, 'Yar Tirelar Malam Rabe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, kuma da sunanka a bakina, Habu, nake sanar da jama'a rasuwar Kunkuru. Kai ka kashe ta. Ƙanin mijina ne kai, amma sai na faɗa.

Ga wanda bai san marigayiyar ba, 'yar tirela ce mai taya biyu da maigidana, Malam Rabe, yake ja da babur. In ka buɗe murfinta sai ta zama ɗakin kwanan mutum biyu. Shekara talatin da ɗaya tana kai mu Birmingham bikin suna da ta'aziyya, ba mu taɓa takura wa kowa a falonsa ba. Ba ta da ƙorafi, sai dai ƙiiƙi-ƙiiƙi in an hau gada. Ruwan garin nan bai taɓa shigarta ba. Gidana kuwa bango har tsatsafo yake, shi ya sa na ɓoye gwangwanin takarduna a cikinta.

Jinyarta kwana bakwai ce. Ina cikin takabar Malam, ba na fita, na ba ka amanarta. Aka liƙa mata takarda ruwan ɗorawa, na hango ta taga na tambaye ka. Ka ce tallar pizza ce. Ko tabarau ba ka sa ba! Ashe wa'adin ɗaukewa ne daga hukuma. Ranar Talata 'yan gwangwan suka ja ta ina kallo, tana ƙiiƙi-ƙiiƙi, ni ko ba halin fita.

Ta rasu ta bar babur ɗaya maraya, da ni Raki. Ta tafi da tsohon fasfona mai hatimin shigowata ƙasar nan. Jiya wasiƙa ta biyu ta zo daga hukumar shige da fice, Angelina maƙwabciyata ta karanta min: in kawo shaidar ranar da na shigo. Shaidar tana cikin gawa. Yanzu ko mai kawo wasiƙa ne ya taɓa ƙofa sai na leƙa ta taga kafin in buɗe. In suka mayar da ni Kano, wa ya rage min? Duk suna ƙasa.

Ba wanka ba likkafani, don ba a ba mu gawa ba. Zaman makoki ranar Asabar bayan Azahar, washegarin fitata daga takaba, a ƙofar gidan Habu, unguwar Cheetham Hill. Kowa ya zo da kujerarsa da lema.

Daga nan, Habu, ka shige gaba zuwa filin 'yan gwangwan. Ko ka tono min gwangwanina, ko ranar da jami'an shige da fice za su zo tafiya da ni ka tsaya a ƙofa ka gaya musu tallar pizza ce.