Ranar da Nozul Huɗu Suka Tsaya Jiran Layi

Ba zan taɓa mantawa da ƙarfe sha biyu da minti ashirin na wata ranar Laraba ba, a titin Malumfashi zuwa Funtua. Mu huɗu ne a motar: ni, da Alhaji Sabi'u mai motar yana tuƙi, da Nura ɗan yayansa. Na huɗun shi ne Malam Lawal, mahaifin Nura, yana kwance a baya cikin tabarma. Da safe ya rasu a asibitin Malumfashi, kuma an riga an sanar a garinsu Maska cewa jana'iza ƙarfe biyu da rabi.

Bari in faro daga farko, don ba na son labari a birkice.

Ni rewaya ne a Funtua, wayar mota nake gyarawa fiye da shekara ashirin. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba, amma ina son tsari. (Ko takalma na gani a warwatse a ƙofar masallaci, sai na jera su hankalina yake kwanciya.)

Alhaji Sabi'u manomi ne, yana da tsohuwar akori-kura da aka cire wa injinta aka sa na Beljiyam mai nozul huɗu, wato bakunan da ke fesa wa injin mai. Wanda ya yi aikin ya haɗa mata birenbos, wato akwatin da ke ba injin umarni, irin mai fesa mai gaba ɗaya: nozul huɗun su feso tare, ko silinda ta buɗe baki ko ba ta buɗe ba. Motar lafiya lau take kai masara kasuwar Dandume. Ni kaɗai abin ya dama.

"Alhaji, wannan akwatin mahaukaci ne," na ce masa a majalisa, gaban mutane. "Akwai mai hankali. Kowace nozul sai lokacinta ya zo take fesowa: ɗaya, uku, huɗu, biyu. Sensa guda za a sa a kan injin ta riƙa faɗa masa layin wa ya zo."

"Tana kai ni, tana dawo da ni," ya ce. "Me kuma kake nema a wurinta?"

Wata biyu ina binsa har ya gaji ya ba ni makulli. Na yi aikin, na liƙa wa kowace waya lambarta. Na ce ya jefar da tsohon akwatin. Ya ce shi ba ya jefar da abin da bai yi masa laifi ba, ya cusa shi ƙarƙashin kujera.

Ga inda na yi ɓarnar. Wayar sensar nan ya kamata ta zagaya ta bayan injin, amma a idona ta yi karkace. Sai na miƙe ta, na ɗaure ta tare da 'yan uwanta, ta bi ta saman bututun hayaƙi. Ta yi kyau ƙwarai. A zirga-zirgar kusa ba ta taɓa nuna komai ba. Ranar kuwa na raka Alhaji ɗauko gawar, mun tafi Malumfashi a guje, mun juyo a guje.

Injin ya ɗauke kamar an rufe masa baki. Alhaji ya murɗa makulli, yana juyawa, ba ya tashi. Ina ɗaga bonet warin roba ya buge ni. Wayar ta narke, ta taɓa ƙarfe, ta ƙone sensar. Akwatina mai hankali bai san layin wa ya zo ba, don haka bai ba kowa izini ba. Nozul huɗu suka tsaya cak suna jira, daidai yadda na koya musu.

Wayar Alhaji ta yi ƙara. Daga Maska ne, an gama kabari. Nura ya hau baya, ya cire rigarsa ya riƙe ta sama da tabarmar.

"Baba," ya ce mini a hankali, "rana tana dukan Malam."

Da ma zagina ya yi.

Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya sa hannu ƙarƙashin kujera, ya ciro tsohon akwatin, ya kaɗe ƙurarsa a cinya.

"Malam mai tsari, ga mahaukacin naka."

Na riga na yanke tsohon soket ɗin don ya daina cika mini ido, saboda haka waya ɗai-ɗai na riƙa nema. Na fere wayoyin nozul da haƙori, na murɗe su wuri guda, da lambobinsu da komai. Masu wucewa suna tsayawa, su ga tabarma, su ce Allah ya jiƙansa. Wani dattijo mai babur ya leƙa injin, ya ga narkakkiyar wayar.

"Subhanallahi! Wane rewaya ne ya bi da waya kan salansa?"

Alhaji ya dubi gona. Nura ya dubi ƙasa.

"Ni ne," na ce.

Uku saura kwata na gama. Murɗawa ɗaya ta tashi.

Sai bayan la'asar aka sallaci Malam Lawal. Tsofaffi sun yi awa biyu a zaune suna jiranmu, waɗanda suka zo daga nesa wasu sun riga sun juya. Na tsaya a sahun ƙarshe. Har yau ba wanda ya yi mini maganar a gidan, kuma shirun ya fi mini ciwo. Motar tana nan tana fesa manta a haukace, tana kai masara.

Har gobe na yarda fesawa bi da bi ta fi tsabta, ta fi tattalin mai. Abin da na koya shi ne, tsarin da ya rataya a kan waya ɗaya bai kai yadda nake kuranta shi ba.

Ina roƙonka abu biyu, a jere. Na farko, ka yi wa Malam Lawal addu'a. Na biyu, in motarka tana tafiya lafiya, wani rewaya ya ce zai sa mata hankali, ka tambaye shi me zai faru ranar da waya ɗaya ta ƙone. In ya tsaya yana jera maka bayani, karɓi makullinka, ko da ni ne.