Juma'ar Talatu

Duk Lahadi bayan magariba nakan tara 'ya'yana a gidanmu na zangon Bawku in koya musu tarbiyya. Rannan darasin faɗin gaskiya ne, ga tubani an dafa don 'yata ta cika shekara goma.

Na gyara murya. "Uba nagari ba ya manta ranar haihuwar 'yarsa. Juma'a ce, ana saukowa daga masallaci aka yi mini albishir." Har kalar rigata na faɗa.

Uwarsu ta sunkuyar da kai.

Yarinyar ta ɗaga hannu yadda na koya musu. "Baba, to me ya sa ake kirana Talatu?"

Yanzu ta girma, ta zama malamar makaranta a Yendi, abin alfaharina. Amma duk wasiƙar da ta aiko, ƙarshenta ɗaya ne: "Taka, Jummai."